Ɗigon Jan Farce a Silimar Jumare

A tsohon Zongon Lome, kafin a tashe shi, akwai wani siton goro da Alhaji Jumare ya mayar gidan silima. Ba a taɓa rubuta masa suna a bango ba, kowa Silimar Jumare yake cewa. Rufin kwano ne, kujerun benci ne na katako, bangon ƙurya kuma an shafe shi da farar ƙasa, shi ne allon. Bayan la'asar ake nuna fim. Sai a toshe tagogi da tsofaffin buhuna, zafi ya dafa mutane su fito sharkaf kamar an tsamo su daga tafki, gobe kuma su dawo. A can sama, bayan 'yan kallo, akwai wani ɗan ɗaki da ake hawa da tsani. A nan majigin yake, a nan kuma Sabitu ya yi mafi yawan rayuwarsa.

A Zongon aka haife shi. Kakansa Bagobiri ne da ya biyo fataken goro, ya ga teku, ya ce ya iso. Uban Sabitu ya so ɗansa ya bi shi dillancin shanu, amma shi tun yana saurayi ya liƙe wa wani tsoho ɗan Gana mai yawo da majigi a bayan mota, har ya koyi aikin. Da Alhaji Jumare ya sayo tsohon majigi daga hannun wani Bature da zai koma gida, ba a yi dogon nema ba. Daga ranar sunansa ya ɓace a bakin mutane, ya koma Oferata. Matarsa Asibi dai ba ta kiransa haka. Ita Baban Assana take cewa, tana kuma sayar da shinkafa da wake a ƙofar silimar, amma ba ta taɓa taka tsanin nan ba.

Fim ba ya zuwa Zongo da ƙuruciyarsa. Sai manyan gidajen silima na bakin teku, inda ake zama a kujera mai laushi, sun gama da shi. Ya je Kwatano, ya zaga wasu garuruwan, ya sha hannu iri-iri, sa'an nan a tuna da Zongo. Yakan iso a cikin gwangwanayensa duk a lotse, jikinsa ya karce har 'yan kallo na cewa a Indiya kullum ruwa ake yi, ko a cikin ɗaki. Damshin teku ya manne wani wuri. Wani oferatan a hanya ya yanke fuskar yarinyar fim ya sa a aljihu. Sai ka ga mutum ya ɗaga hannu zai yi mari, kafin ka ƙifta ido ana zaman makokin wanda za a mara. Mutanen Zongo sun saba. Inda waƙa ta yanke, su suke ƙarasa ta da bakinsu.

Aikin Sabitu na gaske da safe yake, lokacin da babu mai ganinsa. Yakan zauna gaban 'yar tagar ɗakin, ya bi fim ɗin tun daga kai har wutsiya tsakanin babban yatsa da manuni, yana juya faifan a hankali. Inda ya ji tsaga ko tsohon haɗi ya saki, sai ya tsaya, ya yanke da reza, ya kankare baki, ya shafa gam, ya danne. Ka'idar guda ce. Kowane hoto yana da huji huɗu a gefensa, tsakanin hoto da hoto kuma akwai wani siririn baƙin layi, a kansa ake yanka. In ka kuskure huji ɗaya, to a kan allo kawunan mutane za su sauko ƙasa, ƙafafunsu su hau sama. Shi kuma ba ya yanke abin da ya wuce dole.

"Duk hoton da na zubar a nan," yakan ce, "wani a Sokode ba zai taɓa ganinsa ba."

Don in fim ya gama kwanakinsa a Zongo, garin Sokode yake tafiya, can arewa. Garuba, direban motar kayan Alhaji, shi yake cusa gwangwanayen a ƙarƙashin kujerarsa ya kai wa wani oferata a can mai suna Sulemana. Sabitu bai taɓa zuwa Sokode ba, Sulemana bai taɓa zuwa Lome ba. Amma finafinan da Zongo ke so sukan dawo daga arewa lokacin Salla, ta haka Sabitu ya san hannun mutumin. Ya san hannun kowa a kan hanyar nan. Na Kwatano yana zabga gam kamar mai yaɓen ɗaki. Akwai wani da bai san garinsu ba, mai ɗinke fim da zare, wanda Sabitu ke roƙa wa shiriya kullum. Haɗin Sulemana kuwa sai ka bi ta kansa sau biyu kafin ka ji shi. Duk tafiya Sabitu kan ƙulle goro a ganye ya sa a buhun gwangwanayen, in Garuba ya dawo ya zo wa Asibi da ƙullin daddawa daga wajen Sulemana. Iyakar zumuncinsu ke nan, kuma ya daɗe.

Ciwon idon Sabitu a hankali ya fara. Wutar cikin majigin irin ta gawayin ƙarfe ce, fara fat, kuma shekara da shekaru yana leƙa ta. Da farko sai ya ga kamar tagar ce ta yi datti, ya goge. Daga baya ya lura sai ya kai fim ɗin kusa da hancinsa. Wata safiya ya nemi baƙin layin nan ya rasa. Hotunan suna nan dushi-dushi, amma inda wannan ya ƙare wancan ya fara, babu. Yanar ido ce ta sauko masa a ido biyun.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da yanka bisa kintace, yana ci yana faɗuwa. Ranar da ya fara faɗuwa a gaban jama'a, yana tsaye a gefen majigi sai ya ji dariya ta tashi a ƙasa, irin wadda ba ta fim ba ce.

"Oferata, ka mayar wa bawan Allah kansa mana."

"Bar shi, yau da ƙafa zai yi magana."

Akwai wani maɓalli da ake murɗawa hoton ya koma daidai, amma sai mai ganin allo zai san ina zai murɗa. Shi allon ya zame masa farin hayaƙi mai motsi. Ya murɗa, aka ce ya yi sama da yawa. Ya mayar, aka ce ya wuce. Haka 'yan kallo suka yi ta tuƙa shi da baki har kan mutumin ya zauna a wuyansa, aka yi masa tafi na tsiya. A mako na gaba abin ya sake faruwa, ya kuma sake. Wata rana mahauta suka ji haushi aka karya benci.

A gida Asibi ta ajiye masa koko da safe, ya miƙa hannu ya kama iska.

"Baban Assana, kofin yana hagunka."

"Na gan shi. Tunani nake."

"To. Allah ya sa tunanin ya kai bakinka kafin ya huce."

Ta san mijinta. Tun daga ranar dai ta riƙa ajiye kofin a wuri ɗaya.

Ana cikin goman ƙarshe na azumi Alhaji Jumare ya aika a kira shi. Alhaji mutum ne mai jiki, bai taɓa hawa tsanin ba shi ma, a rumfar gorsa yake ganin mutane. Ya sa aka shimfiɗa wa Sabitu buzu, suka gaisa, ya tambayi iyali, sa'an nan ya rage murya.

"Malam Sabitu, benci ba ya damuna, kafinta maƙwabcina ne. Amma ka san abin da ake nunawa kafin fim."

Sabitu ya sani. A zamanin nan jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, kuma kafin kowane fim sai an nuna ɗan guntun labaranta, manya suna buɗe hanya ko gada, mata da anko suna rawa. Shi Sabitu ne yake haɗa guntun a kan fim ɗin da hannunsa.

"In kan ɗan Indiya ya koma ƙasa, dariya ce," in ji Alhaji. "In kan wani babba ya koma ƙarƙashin takalminsa a gidana, gaban jama'a, ni da kai ba mu san wa zai fara tambayarmu ba. Kuma ba kowa ke zaune a bencin nan don kallon fim ba, ka gane."

"Na gane, ranka ya daɗe."

"Akwai wani a cikin gari, ya yi aiki a bakin teku, an yi mini maganarsa. Ban amsa ba. Na ce a bari mu ga Salla. In an wuce Salla lafiya, ban ji komai ba, ban ga komai ba. In kuwa an sake, Malam Sabitu, kada ka ga laifina."

"Babu laifi, Alhaji."

Ya tashi ya laluba takalmansa da ƙafa. A hanya ya riƙa tunanin mene ne shi in babu ɗakin nan. Bai iya shanu ba, bai iya goro ba. Mutanen unguwa ma da yawa ba su san sunansa na yanka ba.

Ana jajibirin Salla Garuba ya iso daga arewa, motarsa cike da doya da raguna. Garuba Bazabarme ne, tsakaninsa da Bagobiri kuwa ba a gaisuwar arziki sai tsokana, don abokan wasa ne. Tun daga ƙasan tsani ya fara.

"Ina bawana? Sauko ka ɗauki kayan ubangidanka."

"Wa nake ji kamar Bazabarme? Asibi, rufe tukunyar wake."

"Wakenku da ba gishiri. Karɓi nan, kafaɗata ta gaji."

Ya miƙo gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya. Wani tsohon fim ɗin Indiya ne da mutanen Zongo suka raɗa wa 'Yar Mai Kwalekwale, sun kalle shi har sun haddace, kuma ba sa yarda Salla ta wuce ba shi. Sabitu ya san shi sarai. Ya tsufa, ya bushe, haɗin da ke jikinsa ya fi a ƙirga. Ko lokacin da yake da ido, sai ya tsinke masa sau biyu ko uku kafin a tashi.

"Mutumin naka ya ba ni saƙo," in ji Garuba, yana share gumi da hularsa. "Ya ce in gaya maka, wannan karon ka duba shi da yatsa, kada ka wahalar da kanka da taga."

"Me yake nufi?"

"Ni direba ne, ba mai fassara ba. Raguna na jirana."

Sabitu ya ɗora faifan farko, ya kama fim ɗin a tsakanin yatsunsa ya fara juyawa. Bai yi nisa ba ya ji wani ɗan tudu a can gefe, bayan hujin, ƙarami kamar ƙwayar gero. Ya ɗauka datti ne, ya sa farce zai kankare, ya ji ya kafe. Ya matsa kaɗan sai ga tsohon haɗi mai rauni, bayansa kuma wani tudun. Ya ci gaba. Duk inda fim ɗin ya yi laushi, duk inda huji ya fara tsagewa, akwai tudu kafinsa, akwai bayansa. Ya dawo kan na farko, ya ƙirga hujin da ke tsakaninsa da na biyu da bakin farcensa. Huɗu, huɗu, huɗu, babu saura.

Ya ajiye fim ɗin. Sa'an nan ya leƙa ta ƙofa.

"Asibi. Hau nan."

"In hau ina?"

"Tsanin. Riƙe da kyau, na uku yana rawa."

Ta hau tana salati, ta tsaya tana kallon ɗakin da mijinta ya tsufa a ciki, wanda bai fi kicin ɗinta ba. Ya miƙa mata fim ɗin ya ce ta ɗaga a taga ta faɗa masa abin da ta gani.

"Fim ɗin naka ya yi ƙyanda," ta ce. "Ɗigo-ɗigo ja a gefe. Wannan ai jan farce ne, irin na Assana."

"Dubi daidai inda ɗigon yake. Akwai baƙin layi a wurin, siriri, tsakanin hoto da hoto?"

Ta matso da shi. "Akwai. A kansa ɗigon yake, daidai wa daida."

"Na gaba fa?"

"Shi ma."

Sabitu ya karɓi fim ɗin ya ɗora a cinyarsa. Wani mutum a Sokode ya zauna da azumi a bakinsa, ya bi faifai bayan faifai, yana ɗiga jan farce a kan layin da Sabitu ya daina gani, yana jiran kowane ɗigo ya bushe kafin ya juya. Duk inda fim ɗin zai tsinke yanzu, sai dai ya laluba baya ya samu tudu, ya ƙirga huɗu-huɗu, ya yanka. Ko a cikin buhu aka sa shi zai iya.

"Asibi," ya ce, "idona ya tafi."

"Sai yau labari ya iso maka? Mu ai mun daɗe da ji."

Ta faɗa da wasa, amma ta zauna a kan akwatin gwangwanaye, ta sa bakin mayafinta ta goge fuska. Shi ya juya yana laluben wani ƙaramin gwangwani mai sheƙi, na labaran jam'iyya, wanda aka kawo jiya daga cikin gari. Wannan bai je Sokode ba, babu ɗigo a jikinsa.

"Assana tana da sauran jan farcen nan?"

"Na Sallarta ne. Za ta yi kuka."

"Ki ce ubanta ke aro."

Da yammacin nan Asibi ta sake hawa tsanin da 'yar kwalba a ƙulle a bakin zani. Ya nuna mata yadda za ta riƙe fim ta gefe kada yatsa ya taɓa hoto. Ɗigon farko ya yi girma, ya ce wannan ai wake ne, gero ake so. Ta ce in ya iya ya karɓa. Na uku ya yi daidai. Ta bi ƙarshen guntun labaran ta ɗiga, ta hura da baki har ya bushe, ya laluba, ya yanka, ya haɗa, ta ɗaga a taga ta ce layi ya hau kan layi.

Ranar Salla bayan la'asar gidan ya cika har ƙofa, ƙamshin sabuwar shadda da turare ya gauraye da na gumi. Alhaji Jumare ya sa aka kawo masa kujera a baya, abin da bai saba ba. Sabitu ya kunna wuta ya yi bisimilla. Bai kalli allo ba, kunnensa ya miƙa. Manya suka buɗe gadarsu, matan anko suka yi rawarsu, jama'a shiru irin wanda ake yi a wannan wurin. Haɗin ya wuce ta cikin majigi da ɗan ƙaras, kiɗan Indiya ya tashi, aka yi sowa. Babu wanda ya ambaci kan kowa.

A faifai na uku, daidai inda yarinyar ke tuƙa kwalekwale tana waƙa, fim ɗin ya tsinke. Allo ya yi fari, fito ya tashi.

"Oferata, ka nutsar da ita."

Ya rufe wuta, ya zaro bakin fim ɗin. Babban yatsa ya koma baya har ya ci karo da tudu. Ya ƙirga, ya yanka. Ya kama ɗaya bakin, ya samu nasa tudun, ya ƙirga, ya yanka. Ya kankare, ya shafa gam, ya danne da tafin hannu. A ƙasa mata sun ɗauki waƙar daga inda ta yanke, maza na buga benci a madadin ganga, don haka babu wanda ya ƙosa. Ya mayar, ya kunna, ya tsaya yana jira a gaya masa sama ko ƙasa.

Babu wanda ya ce komai. Waƙar bakinsu ta haɗu da ta fim, aka yi dariya don sun riga yarinyar da baiti guda. Ya sake tsinkewa kusa da ƙarshe, ya sake haɗawa, hoto biyu kacal ya zubar.

Da aka watse ya sauko ya samu Garuba zaune a bencin Asibi da kwano a hannu.

"Bazabarme, gaya mini gaskiya. Kai ka kai masa labarina?"

"Ni na san labarinka ne? Kullum zagina kake daidai, ina zan gane ba ka gani?" Garuba ya haɗiye loma. "Shi ya tambaye ni. Tun kafin azumi. Ya buɗe wani fim da na kai masa, ya bi shi, ya ce mini, mutumin nan na Lome shekarunsa nawa? Na ce sa'ana ne, sai dai na fi shi kyau. Ya ce hannun nan bai taɓa kuskure huji ba tun da nake karɓar kaya daga gare shi, yanzu ga kuskure ga kuskure, amma gam ɗin da kankarar suna nan yadda suke. Ya ce ba hannun ba ne, ido ne. Wai maigidansa da ya koya masa aiki haka ya ƙare, da ɗigo ya yi shekarunsa na ƙarshe."

"Bai ce ka gaya wa Alhaji ba?"

"Ya ce in na gaya wa kowa Allah ya isa. Matarsa ce dai ke neman wanda zai biya ta, ya ƙarar mata da kwalba biyu na jan farce ana dab da Salla."

Asibi ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah. Ni da ita ciwonmu ɗaya."

Sabitu bai yi dariya ba. Ya ce, "Allah ya rufa masa asiri yadda ya rufa mini." Garuba, wanda bai taɓa ce wa addu'ar Bagobiri amin ba sai da ƙari, ya ce amin kawai.

Washegari Sabitu ya je rumfar goro da kansa, ba a kira shi ba. Ya gaya wa Alhaji zancen idon, da zancen ɗigon, da cewa daga yau Asibi za ta riƙa hawa da safe kafin ta ɗora tukunya, ta bi duk fim ɗin da ya zo ta sa masa alama. Alhaji ya saurara yana ɓare goro.

"Zancen ido na sani tun ranar da na yi maka sallama ka amsa wa buhu," ya ce. "Jira nake ka faɗa. Ni dai kan kowa ya zauna a wuyansa. In da hanci kake yi, ba ruwana." Ya miƙa masa ɓarin goro. "Shi wannan jan abin, a ina ake sayensa?"

"A babbar kasuwa, wajen masu kayan kwalliya."

"To a riƙa saya daga kuɗin gida. Amma kada in ji an ce Alhaji Jumare ne ke aiken jan farce. Ina da surukai a garin nan."

Haka aka yi. Shekarun da suka biyo baya, duk wanda ya bi ta bayan silimar da hantsi zai jiyo su a sama, ita tana cewa ya daina hura mata wuya, shi yana cewa ɗigon ya yi kauri. Assana ta samu sabuwar kwalba, matar Sulemana ma aka aika mata da tata a cikin buhun gwangwanaye, kusa da goron. Finafinan da ke barin Zongo suka riƙa isa Sokode da ƙyandarsu. Daga baya an yi wa Sabitu aiki a ido ɗaya a wani asibitin mishan, ya dawo yana ganin layin dushi-dushi, amma bai bar Asibi ta daina ba. Ya ce yatsa ya riga ya saba. Ita kuma ta ce dama ba don shi take hawa ba, iskar sama ta fi.

Da aka tashi tsohon Zongo aka mai da mutane can arewacin gari, siton ya tafi tare da sauran gidaje. Alhaji ya tsufa, bai sake gina silima ba. Majigin ya ƙare a zauren Sabitu, an lulluɓe shi da buhu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Garuba ya sha ce masa ya shigo mota su je Sokode ya ga mutuminsa, shi kuma kullum sai ya ce bayan Salla. Goron dai bai fasa tafiya ba, ko da babu sauran fim da zai raka. Wata rana Garuba ya dawo da ƙullin goron a aljihunsa, ya zauna a zaure, ya cire hula. Sulemana ya rasu, an yi bakwai kafin motar ta isa.

Suka yi masa addu'a. Asibi ta kawo ruwa ta koma ciki. Can Sabitu ya ce, "Garuba, wai yaya kamanninsa yake?"

"Sai yanzu za ka tambaya? Gajere ne, baƙi, mai wushirya. Ga surutu. In ya kama ka da hira sai ka rasa lodi."

"Gajere?"

"Bai kai kafaɗata ba."

Sabitu ya jinjina kai. Babban yatsansa na bin gefen tabarma a hankali, yadda ya saba bin gefen komai.

"Ikon Allah," ya ce. "Ni duk zamanin nan dogo nake ganinsa, mara magana."

"To ka gani. Da ka bi ni da ka sha mamaki."

"A'a, na san shi," in ji Sabitu. "Tsayin ne kawai ban sani ba."

Ya kwance ganyen, ya ba Garuba goro ɗaya, ya ce sauran a kai masallaci a raba, a ce sadakar wani oferata ce na Sokode.